Maroƙin da Isuhu ya zaɓa

Shekara bakwai ke nan da muka rufe Isuhu, ɗana na biyu, a Baudeta. Ban shiga lakwal ba, maƙwabciyata ke rubutawa ina faɗa, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana.

Lokacin yana koyarwa a Tasawa suka tsiri wani wasa shi da abokansa malamai huɗu. Ran Lahadi bayan azahar sai su zo gidana su zauna a tabarma da kaye, littafin rubutu, da ƙwayar lido da ake jefawa. Ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin: wannan mayaƙi, wannan mai magani, wannan ɓarawo. Ƙwaya ke yanke ko abin da mutum ya nufa ya yiwu. Isuhu kullum maroƙi yake ɗauka.

Mu manoma ne. Maroƙi in ya zo biki a bakin ƙofa yake tsayawa, a ba shi ya wuce. Na ce masa, "Ko a wasa ba ka iya zaɓen mai zuciya? Mayaƙi yana sara, mai magani yana warkarwa, kai mi kake yi?"

Ya ce, "Inna, ni ke hana a kai ga saran."

Abokansa ma ba su raga masa ba. Habu, mai ɗaukar mayaƙi, yakan ce da sun bar shi gida da sun fi sauri. Amma ina daga gindin murhu ina kallo. In labari ya kai su ƙofar garin da ba a son baƙi, duk su dube shi. In ƙwaya ta kashe mutumin wani, shi ke yi masa kirari har mai shi ya daina fushi. Na gani, ban taɓa faɗa masa ba.

Yanzu an ce a waya ake jera mutanen wasan, wa ya fi wa amfani, da yawan abin da kowa ke kashewa. Habu ya ce maroƙi can ƙasa yake. Da Isuhu na nan, ina jin dariya zai yi ya sake ɗaukarsa. Ko kuwa shi ma ya gaji, ban sani ba. Ni dai na gaji.

Sau uku Habu yana zuwa neman kayen Isuhu, wanda maroƙinsa ke rubuce ciki, ina hana shi. Watan jiya ya dawo, furfura ta fito masa. Ya ce, "Inna, tun rasuwarsa ba mu kai labari ƙarshe ba. Kowa sara yake, mu yi gardama mu watse. Ramatu ta ce za ta ɗauki maroƙin babanta, in kin yarda."

Ramatu jikata ce, ta isa aure. Kwana biyu ina juya abin: ɗiyar gidan nan tana kirari gaban maza, ko da a wasa. Mutane za su yi magana, na san bakin kowa.

Har yau ban ce roƙo sana'armu ce ba. Amma mutum huɗu masu ilimi sun kasa zama lafiya a tabarma ɗaya shekara bakwai don babu shi, kuma wannan aikin ban san sunan da za a ba shi ba.

Na kwance kayen daga cikin zane na ba Ramatu da hannuna. Na ce sharaɗi guda: a tsakar gidana za a yi, inda kunnena zai kai.