Bututun da Malam Ke Bugawa

Jiya a kasuwar Arlit wani maƙeri ya buga ƙarfe, sai na tsaya cak. Muryar ƙararrawarmu ce sak, ta makarantar mishan ta 'yan maza, inda muke koyon Faransanci da safe, Hausa da marece.

Guntun bututu ne daga mahaƙar ma'adinai, rataye a bishiyar bedi. Tsohon malaminmu, wani Kirista, shi ke buga shi, sannan ya dafa shi har ya yi shiru. Ran Juma'a yakan buga da wuri, ya ce, "Ku tafi masallaci, 'ya'yana, ku sa ni cikin addu'a."

Wata rana wasu suka zo da na'ura, suka kara ta jikin bututun, ta hau kuka. Suka ce gubar uraniyom ce, suka tafi da shi. Malam ya dubi tafinsa, ya ce, "To, hannun fa?"

Tari ya cinye shi muna kallo. Ko bututun ne, ban sani ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya.

Malam, har yau ina sa ka cikin addu'a. Allah Ya saka maka da alheri.