Ƙullin Baƙar Leda a Bakin Teku

Ban taɓa mantawa da ranar da na tsinci ƙullin garinmu a bakin tekun Faransa ba. Watan Maris ne, ina cikin shekarata ta biyu a wannan aiki. Ku sababbin ma'aikata kuna yawan tambayata abin da ya sa akwai layi guda a takardar ƙidayarmu da babu irinsa a ta sauran ƙungiyoyi. To, ga asalinsa.

Ga wanda bai san aikin ba, ƙungiyarmu ƙarama ce, bironta, wato ofishinta, yana birnin Lyon, kuma aikinta bin sawun robar da kogin Rhône ke kwashewa daga garuruwa ya kai teku. Sau huɗu a shekara mukan gangara kudu, inda kogin ke zubawa cikin Bahar Rum. Mukan auna mita ɗari na bakin ruwa, wuri guda kullum, mu kafa turaku, sannan mu da 'yan sa-kai na ƙauyukan wurin mu tsince duk abin da hannun mutum ya ƙera. Sai a zube a kan tamfol a ware: marafan kwalba nan, guntayen sigari can, tsinken goge kunne, igiyar masunta, kowanne da layinsa a takarda. Layin ƙarshe shi ne na abin da ba a gane ba. Ni ce ƙarama a biro lokacin, don haka ni ke durƙuso kan tamfol. Shugabar shirin kuwa Madam Odil ce, doguwar mace mai furfura, wadda in ka ce mata "ina tsammani" sai ta ce ka koma ka gani da idonka.

A wannan layi na ƙarshe akwai wani abu da ya daɗe yana ba su ciwon kai tun kafin zuwana: 'yar baƙar leda, girman dunƙulen hannu, a ƙulle, da nauyi kaɗan. Kowane zuwa sai an samu biyu ko uku, musamman bayan ambaliya. Wani ya ce kashin kare ne, wani ya ce kayan maye, wata tsohuwa cikin 'yan sa-kai ta rantse tsafi ne. Babu mai son buɗewa. Ni ma sau da yawa na wurga su cikin buhu ban duba ba.

Ranar dai safar hannuna ta yage, na cire ta, na ɗauki ledar da yatsuna. Sai na tsaya. An murɗe wuyanta, an naɗa sau biyu, an soke bakin ya fito kamar kunnen zomo. Haka mai tebur na ƙofar gidanmu a Damagaram yake ƙulla sukari, haka innata take ƙulla yaji. Ba a yanka irin wannan ƙulli, kunnen ake ja sau ɗaya ya warware. Tun ina yarinya an san ni da bin ƙwaƙƙwafi, har innata takan ce wata rana sai na leƙa bakin kura don in ƙirga haƙoranta. Na ja kunnen.

Wata leda ce a ciki, ita ma a ƙulle. Cikinta akwai ɗan dutse da takardu a ninke, sun yi laushi amma ba su narke ba. Na buɗe ta farko, sai ga ayoyin Alƙur'ani, shafi guda da ya tsufa ya fita daga littafi. Na tuna sau nawa na cusa irin wannan leda cikin buhu ɗaya da ƙunzugun jarirai. Takarda ta biyu jadawalin lokutan salla na Lyon ce, da hatimin wani ɗan kanti a ƙasanta, suna da adireshi raɗau. Na san kantin. Na Malam Sani ne.

Malam Sani mutumin Maradi ne, tsohon ɗan kasuwa, yana zaune a unguwar Minguettes da ke gefen Lyon tun kafin a haife ni. Da na zo Lyon karatu ban san kowa ba, shi ya tarye ni a tashar jirgin ƙasa, kuma wata uku na yi ina cin tuwon matarsa Hajiya Zara kafin in sami ɗaki. Baba nake kiransa, ba don ladabi kawai ba.

Gaskiya zan faɗa muku, har na fara tura takardar cikin aljihu. Sai na ji Madam Odil a kaina.

"Me kika samu, Ramatu?"

Na miƙa mata. Fuskarta ta washe, don a aikinmu abu ne mai wuya shara ta zo da adireshinta. Ta ce wannan zai shiga rapor, wato rahoton da muke kai wa hukumar gari, kuma za a sa shi da hotonsa a baje kolin da za mu yi bayan sati biyu, don mutane su ga hanyar da shara ke bi daga Lyon zuwa teku. Ta ƙara da cewa zuba kaya a kogi laifi ne a doka.

Na hango dattijo mai shekara saba'in, wanda ake kira ya sasanta ma'aurata, an liƙa sunan kantinsa a bango an rubuta "shara" a ƙasa, ga ayoyin Allah a gefe. Na hango abin da masu neman abin faɗa a kanmu za su yi da wannan hoto. Na ce mata na san mutumin, kuma na tabbata ba ƙazami ba ne, ta ba ni sati ɗaya in gano dalili.

"Sati ɗaya," in ji ta. "Amma ki ji da kyau, ba na ɓoye abin da muka tsinta. Ba don ke ba, ba don kowa ba."

Ranar Asabar da hantsi na hau bas zuwa Minguettes, ledar tana cikin jakata. Na tarar da Baba a ɗan ɗakin da ke bayan kantin. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen Damagaram ɗaya bayan ɗaya, ya yi mini tsiyar cewa na yi digiri biyu don in zama mai tsintar bola. Ina cikin dariya idona ya faɗa kan wani kwali a saman kanta, cike da tsofaffin takardu, ga damin baƙar leda a gefe. Na ce, "Baba, wannan fa?"

Ya gyara zama, da alamar abin yana masa daɗin faɗa. Ya ce amana ce. Duk wanda Alƙur'aninsa ya yage, ko kalandarsa mai ayoyi ta ƙare, ko littafin addu'ar yaransa ya ruɓe, wurinsa yake kawowa. Har 'yan kasuwar unguwar Goutte d'Or in za su zo daga Paris sukan riƙo nasu.

"A gida, ɗiyata, sai a ƙone ko a bizne wuri mai tsabta. Nan fa? Wani ya gwada ƙonawa bisa baranda, maƙwabta sunka kira masu kashe gobara. Ƙasa kuwa, hawa na goma sha ɗaya nike, ina zan gina rami? Pubel kuma, kwandon sharar nan nasu, Allah shi kiyaye. Sai munka ce to, ruwa mai gudu ya halatta. Lahadin farko na kowane wata nika zuwa da kaina."

"To, ledar fa, Baba? Me ya sa ba a sa takardun haka nan?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar ƙuruciya. "Ke ba ki ga bakin gulbin nan ba? Karnuka na wanka, kwalaben giya na yawo. In jefa sunan Allah tsirara cikin wannan? Leda biyu nika sa mai, da dutse, shi nutse can ƙasa inda babu mai taka shi. Sannu a hankali ruwa shi cinye abinsa."

Nan na gane komai. Na zo da shirin yin bayani irin na biro, amma duk ya gudu. Sai kawai na fito da ledar, na ajiye a kan tabarma tsakaninmu. Na mayar da ƙullin yadda na same shi, yashi ma bai gama fita daga jikinta ba.

Ya ɗauka, ya juya ta, ya shafa kunnen da babban yatsa. "Wannan hannuna ne. Ina kinka samo ta?"

Na faɗa masa. Ya ce ai teku da nisa. Na ce da nisa, amma in ruwa ya cika aka buɗe madatsun kogin, ɗan dutse ba ya riƙe komai. Ya ce me ke kusa da ita da na tsince ta. Na so in sassauta, sai ya ce, "Faɗa mini gaskiya, Ramatu." Na ce gwangwanin giya, warin takalmi, da ƙunzugun jariri. Na ce ledar da ya sa don kariya ita ta hana ruwa taɓa takardar, kuma ita leda, ni da shi ba za mu ga ƙarshenta ba.

Ya ajiye ledar a kan tabarma. Hajiya Zara ta leƙo da shayi, ta ga fuskarsa, ta koma da abinta. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina da na ja wannan kunne tun farko.

"Shekara goma sha," ya ce a hankali. "Mutane na ba ni don kar shi shiga shara. Ashe ni ke kai shi da hannuna."

Ban ɓoye masa maganar rapor da baje koli ba. Na ce zan roƙi shugabata a rufe hatimin. Ya ce ba wannan ne ya dame shi ba tukuna. Ya ce in kai shi wurinta, sannan in kai shi tekun.

Ranar Litinin ya zo biro cikin babbar riga da kwat a sama. Da Faransancinsa na kasuwa ya zayyana wa Madam Odil komai, bai rage ba, bai nemi uzuri ba. Ita kuma da ba ta iya zama minti biyar ba tare da duba agogo ba, ta yi awa guda tana tambaya: me ya sa ruwa mai gudu, me ya sa ba a ƙonawa, wace irin ƙasa ce mai tsabta. Na zauna ina fassara abin da ya kakare, ina kallon masu bin ƙwaƙƙwafi biyu sun haɗu. A ƙarshe ta ce abin zai shiga rapor yadda yake, da adadinsa da dalilinsa, amma ba suna ba hatimi, domin aikinmu toshe hanya ne, kuma hanya ta toshe. A baje koli leda kawai za a sa, babu takarda ko ɗaya. Ita ce kuma ta tuna cewa unguwarsu tana da lambun haɗin gwiwa, ta rubuta wa masu kula da shi. Suka ba da kusurwa guda a gindin wata bishiya. Tun daga lokacin, a farin ƙyalle na auduga ake naɗe takardun a binne su can.

Na ɗauka magana ta ƙare, mutuncin Baba ya tsira. Ashe shi bai gama ba. Ranar Juma'a bayan salla ya miƙe a masallacinsu, ya ɗaga ledar sama, ya ce tasa ce, ya faɗi inda aka tsince ta da abin da ke kusa da ita. Sunan da na yi sati ina fafutukar rufewa, shi ya buɗe shi da bakinsa. Hajiya ta ce mini babu wanda ya yi dariya.

Zuwanmu na watan Yuni, mota biyu muka yi. Dattawa takwas suka biyo shi, da mata biyar, wasunsu ba su taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin sama. Na ba su safar hannu da takalman roba, na nuna musu turaku. Baba ya naɗe rigarsa a kafaɗa, ya sunkuya. Bai tsaya ga nasa kaɗai ba, duk abin da ya gani tsinta yake, yana tambayata sunan kowanne da inda ya fito. Tsinken goge kunne ya fi ba shi mamaki. Tsohuwar nan da ta ce tsafi ne ita ta tsinci leda ta farko ranar, ta kawo masa da hannu biyu. Ya karɓa, ya ja kunnen, ya zare takardun ya sa a aljihun ƙirjinsa, ya miƙo mini ledar da dutsen. "Rubuta," ya ce. "Aikinki ne." Daga ranar muka ƙara wa baƙar ledar layinta na daban a takarda.

Abin da na koya shi ne, takardarmu tana faɗa mana mene ne da guda nawa, amma ba ta faɗa mana don me. Kafin ranar, duk wanda ya zuba abu a kogi a wurina marar kula ne, kuma na iya yi wa irinsu wa'azi. Sai ga shi mutumin da ya fi kowa kula a cikin waɗanda na sani shi ne ya cika mana layin ƙarshe. Da mun liƙa sunansa a bango, da mun rasa shi da mutum goma sha uku da ya kawo mana, kuma da wani ya ci gaba da kai ledojin a ɓoye.

Baba ya rasu shekaru huɗu bayan haka, an kai gawarsa Maradi. Amma kogi bai gama sakin abin da ya riƙe ba, har yanzu bayan ambaliya mukan samu ɗaya ko biyu. Don haka in kun ga baƙar leda mai kunnen zomo a kan tamfol, kada ku yanka, kada ku jefa a buhu. Ku rubuta ta a layinta, sannan ku kawo mini. Na yi masa alkawarin zan riƙa kai takardun gindin bishiyar nan har su ƙare.