Turancin Baba Cikin Ajami

Sai da na shekara talatin da ɗaya a duniya, ina koyar da Turanci a wata makarantar 'yammata a Daura, sannan na san mahaifina bai iya karanta Turanci ba. Ko harafi ɗaya. Har yau in na tuna sai in ji kaina ya yi dum.

A garinmu, Babban Mutum, Baba ne mai jawabi. Dillalin shanu ne, kasuwar kara ce ofishinsa, amma duk baƙon da ya zo da mota mai tambari, ko na allurar dabbobi ko na taki, Baba ake tasa ya yi masa maraba da Turanci. Zai miƙe da babbar riga, ya buɗe koren fayil ɗinsa, ya gyara murya, ya zuba ba gargada. Tun ina firamare nake leƙensa daga cikin mata, ƙirjina kamar ya fashe don alfahari. Saboda shi na karanci Turanci. Da wannan jawabin ake girmama shi a gari fiye da duk shanun da ya taɓa sayarwa.

Wata Alhamis ya kira ni a waya. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini. Ya ce ranar Litinin wata ƙungiya za ta zo buɗe rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, in rubuta jawabin maraba, in buga, in kawo. Na ce sai in ba direban motar Baure da ke bi ta garinmu ya miƙo. Ya ce a'a, da ƙafata yake so in zo.

Ranar Asabar da hantsi na same shi a zaure. Ya tura ƙofa, ya jawo tawada da alƙalami da farar takarda, ya ce, "Karanta mini, Uwata. A hankali, kalma kalma."

Na fara karantawa. Ina ɗaga kai na ga hannunsa yana tafiya daga dama zuwa hagu.

"Baba, me kake yi?"

"Turanci nake rubutawa."

Na matsa na leƙa. Ajami ne, baƙaƙen Larabci da wasullansu tsaf, amma in ka karanta su Turanci ne ke fitowa daga bakinka, daidai yadda na furta. Ya buɗe wata tsohuwar jaka ya zazzago mini takardu sun kai ashirin, duka haka. Ashe tsohon malamin dabbobi na garinmu, amininsa, shi ke tsara jawabin ya buga, su kulle a zauren nan yana karantawa Baba yana rubuta abin da kunnensa ya ji. A wurin taro bugaggiyar takardar tana gefe ɗaya na fayil, ta ajamin tana ɗaya gefen. In ya gama sai ya miƙa wa baƙo bugaggiyar, ya rufe fayil da tasa. Malamin ya rasu bara. Shi ya sa aka kira ni.

Innalillahi! Na zauna daɓas a tabarma. Ni da nake zabga wa 'ya'yan mutane jan biro in sun rubuta kalma yadda suka ji ta, har ana kirana mai zafin hannu, ashe ubana shi ne sarkin masu laifin. Ina da baki, ban iya shiru ba. Na ce, "Haba Baba! Wannan ai ba Turanci ba ne."

Ya ce, "Baƙin nan suna gane ni ko ba sa ganewa?"

Na ce suna ganewa.

"To mene ne, in ba Turanci ba?"

Na shiga yi masa darasi, wai ni malama. Na ce Turanci ba yadda ake faɗarsa ake rubuta shi ba. Kalmar wuƙa da ta gwiwa duk da harafin da ba a furtawa suke farawa. Akwai haruffa huɗu da in sun jeru, a wannan kalma a karanta su haka, a waccan a karanta su daban. Baba ya ajiye alƙalami ya dube ni kamar na ce masa a can saniya ke hawa mai ita.

"Harafin da ba a faɗa, gadin me yake yi a wurin?"

Na ce haka aka gada.

"A Larabci ma akwai wanda ba a karantawa, amma da ƙa'ida, malami zai nuna miki sau ɗaya ki riƙe har ki mutu. Su ba su da malamai ne? Su taru su gyara mana, a rubuta abu yadda ake faɗarsa, yara su huta."

Na ce an sha yunƙurin haka, bai yiwu ba. Ya ce, "To ni ya yiwu mini," ya ɗauki alƙalaminsa. Na ci gaba da karantawa raina a ɓace.

Kwana biyu muna bita. Baba mai kaifin hadda ne. Zuwa yammacin Lahadi yana iya kawo jawabin daga farko har ƙarshe, sai dai ya ɗan saci kallon takarda a farkon kowane layi. Har ya fi ɗalibaina furuci, wallahi, don shi ba harafin da ke ruɗa shi.

Ranar Litinin aka kafa rumfa a gindin tankin ruwan. Baba zai bi mai gari tarbar baƙi a bakin gari, sai ya ba ni fayil ɗin ya ce in ajiye masa a teburin jawabi. Ina isa na tarar da mai ɗaukar bidiyo na ƙungiyar yana gwada wurin tsayawa. Ya kafa na'urarsa a bayan tebur, daidai kafaɗar mai jawabi, yadda za ta hango takardar da ke hannunsa. Na hango hoton ajamin nan yana yawo a wayoyin mutane, ana ta dariya, har ya iso ɗakin malamai na makarantarmu.

Na buɗe fayil, na zare takardar ajamin, na ninke ta na tura cikin jakata. Na ce wa kaina ai ya haddace, rufa masa asiri nake yi. Ƙarya ce. Kaina nake rufa wa asiri, kuma na sani tun a lokacin.

Aka yi addu'a, mai gabatarwa ya kira Baba. Ya miƙe, ya gyara riga, ya buɗe fayil. Ina cikin mata a gefen hagu, ina ganin fuskarsa sarai. Ya dubi bugaggiyar takardar. Ya ɗaga ta ya duba ƙarƙashi. Ya juya fayil ɗin. Ina ta cewa a zuci, fara mana Baba, ka iya, ka iya! Ya buɗe baki ya faɗi kalmomi uku na farko, ya tsaya. Ashe satar kallon nan ita ce ke riƙe da haddar. Lasifika ta ɗauki numfashinsa ta watsa wa jama'a. Ban taɓa jin shiru irin na ranar ba.

Sai ya ɗago ya nemo ni cikin mata. Da idanunmu suka haɗu na san ya gane.

Ya ce da Hausa, "Jama'a, ku yi mini afuwa. Yau idona ya yi hazo, ba na ganin rubutu. Ga 'yata nan, malama ce, bari ta karanta."

Na tashi. Na karɓi takardar daga hannunsa. Na karanta jawabin tas, aka yi tafi, wata baƙuwa ma ta riƙe hannuna tana yaba Turancina. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ɗauka abin ya ƙare a nan. Ina! Na manta da mutanenmu. Ana idar da sallar azahar aka fara sallama a ƙofar gida, 'yan dubiya. Mai gari ya aiko. Liman ya zo da kansa ya yi tofi. 'Yan kara suka zo a ƙungiya, wani ya kawo kwalli, wani ya ce a kai shi asibitin ido tun abin bai yi nisa ba, ga motarsa. Ina daga soron ciki ina jin su.

"Alhaji, ya idon?"

"Da sauƙi."

"Tun yaushe ya fara?"

"Yau ne."

"Allah ya sawwaƙe."

"Amin."

Mutumin da ake kira ya raba gardama a kasuwa saboda ba a taɓa kama shi da magana biyu ba, yana zaune yana amsa gaisuwar ciwon da ba shi da shi, ɗaya bayan ɗaya, har la'asar ta yi sanyi.

Da ƙafa ta ɗauke na shiga zauren, na durƙusa, na fito da takardar ajamin na ajiye a gabansa. Na shirya maganganu, na bidiyo, na dariyar mutane, amma ko ɗaya bai fito ba. Sai kuka. Na so ya yi faɗa, ya zage ni, ya ce in tattara in koma Daura. Bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki takardar ya warware ninkin, ya shafa ta a gwiwarsa.

Ya ce, "Uwata, shekarun nan duka ban taɓa ce wa kowa na iya Turanci ba. Abin da na rubuta da hannuna nake karantawa. Da wani ya tambaye ni, da na nuna masa."

Aka sake yin sallama a waje.

"Yau na fara ƙarya, kuma a lasifika. Tashi ki shiga ciki, ga wani nan ya zo duba ni."