Cikina na Fari a Shekarar Ambaliya

Warin kifi ne ya tona cikina na fari. Mijina masunci ne, ƙauyenmu yana bakin fadama gabas da Haɗejiya, kowane gida da bandar kifinsa. Cikin wannan hayaƙi na girma, bai taɓa damuna ba. Sai wata safiya ina juya kifi zuciyata ta tashi, na durƙusa gindin danga ina kwara amai.

Uwar mijina, wadda nake kira Inna, ta ajiye tankaɗenta. "Kin ga al'adarki watan nan?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "To laulayi ne. Ki kama bakinki."

Yawu ya riƙa cika min baki har na ajiye kasko kusa da tabarma. Nonona ya yi nauyi, kansa ya yi baƙi. Tuwo ba ya zama, tsamiya kawai nake so da farar ƙasa, ina gutsura a ɓoye. Da damina ta yi nisa laulayin ya sake ni, ciki ya fito. Ina tsinkar yakuwa na ji motsin farko, kamar ɗan tarwaɗa ya juya cikin ƙwarya. Ni kaɗai na yi ta dariya.

A shekarar kogi ya tumbatsa. Ruwa ya cinye gero, ya kayar da rumbuna, muka koma kan tudu cikin bukkokin zana. Birni ba ya shiguwa, ga ruwa, ga mahara masu kama mutane a hanya. Bado muke ci, sauro yana cinmu. Zazzaɓi ya kayar da ni. Da na tashi ƙafafuna suka kumbura, in Inna ta danna da yatsa sai rami ya zauna. Fuska ma ta haye, kai yana sara, ina gani dishi-dishi. Ta jiƙa min saiwoyi, ta karɓo rubutun sha wajen liman, tana cewa kumburi ai na masu ciki ne. Amma na lura ta daina kallon idona.

Ciki ya tsufa, ban iya kwanciya sai a jingine. Wata rana da hantsi na ce, "Inna, tun jiya bai motsa ba."

Ta ɗora tafinta a cikina, ta daɗe. Sannan ta leƙa waje ta ce wa ɗanta, "Ɗauki jirgi, ka ɗauko ungozoma."

Naƙudar ta yi tsawo, na riƙe turken bukka har tafina ya saɓule. Namiji ne. Bai yi kuka ba. Ungozoma ta rufe shi da zane, na ce sai na gani. Gashinsa cike da kai, yatsunsa cif. Maƙabarta tana ƙarƙashin ruwa, don haka mijina ya binne shi a bayan tudun.

Abin da ba wanda ya gaya min shi ne nono zai zo duk da haka. Ya cika, ya yi tauri, yana jiƙa min zane. Inna ta ɗaure min ƙirji tam da tsumma. Ta riƙa neman itace cikin wannan jiƙa tana dafa min ruwan wankan jego safe da yamma, ba ta fasa ba ko sau ɗaya. Ran da aka gama wankan, ta zauna bakin murhun da ya mutu ta yi kukanta, ni ce ma na rarrashe ta.