Sallar Tafasa

A Gololo na tashi, a hannun kakata Iya Hari. Idan damina ta yi tsakiya, rumbu ya zama fanko, gero kuma bai nuna ba, da magariba sai ta tara mu bakin murhu, ni da ƙannena. Ba ta taɓa cewa babu tuwo ba. Cewa take, "Ku wanke hannu, yau Sallar Tafasa ce." Gobe ta ce Sallar Rama. Ganye ne kawai ta tsinko a bayan gari ta dafa, wani lokaci ko ƙuli babu, amma sai ta sa mun ɗaura ɗankwali.

Muna ci tana ba mu tatsuniya. "Ga ta nan ta iso, ku matso ku karɓa." Wai a wani gari kowane abinci yana da ranar sallarsa. Gero ne babbansu. Wata shekara ya yi tafiya, ya bar wa Tafasa amanar yara. Tafasa ba ta da daɗi, ta kuma san haka, amma kullum sai ta shiga tukunya dominsu. Duk yaron da ya yatsina mata fuska, Gero yana ji daga nesa, sai ya ƙara kwana a hanya.

Ni tun ina ƙarama bakina ba ya shiru. Na ture akushi na tambaye ta yaushe ne Sallar Tuwo. Ta gyara itace a wuta, ba ta kalle ni ba. "Yana hanya, uwar tsiwa. Rafi ne ya cika, yana jiran ruwa ya janye." Na yarda, na cinye.

Sai da na aurar da 'ya'ya na shiga makarantar manya a Azare. Rannan malamarmu take ba mu labari wai Turawa suna ware rana guda don kek, wata don taliya, kuma in abu ya yi sauƙi sai su kwatanta shi da yankan kek. 'Yan aji suka yi ta dariya. Ni na ce mata kakata ta riga su, sai dai su ƙoshi ne ya sa su, ita kuwa babu ce. A wurin na gane abin da ya hana Iya Hari kallona a bakin murhu.

Bana gero ya fi ƙarfina. Jikata Ummi tana hannuna, ubanta ba ya da aiki. Na dafa tafasa, na ɗaura mata ɗankwali, na ba ta tatsuniyar kaf. Ta saurara, ta ce, "Kaka, ai na ga gero a kasuwa ɗazu. Ba tafiya ya yi ba."

Na iya karatu yanzu, na iya faɗa da kowa a unguwar nan. Amma ban kalli Ummi ba. Sai na sunkuya ina gyara itacen da ba ya buƙatar gyara.