Tsarabar Farar Wuta

Ko zan manta da komai na zamana a New York, ba na jin zan manta da tafiyar da muka yi wani tsibiri mai dutsen aman wuta, ni da maigidana. Har yau in na ji warin ruɓaɓɓen ƙwai sai dariya ta kama ni.

Lokacin muna zaune a unguwar Tremont, ina aikin kula da tsofaffi, shi kuma yana tuƙa tasi. Wata ƙawata a wurin aiki, 'yar wani ƙaramin tsibiri a tekun Karibiyan, ta matsa sai mun raka ta garinsu a wani dogon hutun ƙarshen mako. Yaranmu muka bar wa maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Zangon Kumasi da kowa ke kira Hajiya. Ciwon gwiwa ya hana ta zuwa ko'ina, daga ɗaki sai masallaci. Ta karɓi yaran hannu bibbiyu, ta ce in dai kawo mata tsaraba. Na ce ai wannan ba sai an faɗa ba.

Jirgin sama ya sauke mu a wani babban tsibiri, daga nan muka hau ƙaramin jirgin ruwa da ya yi ta wujijjiga mu har maigidan ya karance duk addu'ar da ya sani. Da muka isa, wuri kore shar, ga mangwaro ga ayaba, ga dutsen can sama yana hayaƙi kamar an manta tukunya a murhu. Amma ni kasuwa idona ke nema, kuma babu ita. Kanti ɗaya ne a garin, cike da gwangwanaye da biskit irin waɗanda ko a bakin layinmu akwai su. 'Ya'yan itace kuma an ce ba a shiga da su Amurka. Hankalina ya tashi ƙwarai. Baiwar Allah ta riƙe miki yara da ciwonta, ki koma mata hannu rabbana?

Washegari yayan ƙawar tawa ya kai mu hawan dutsen. Maigidan sai ɗaukar hoto yake, yana ta kirana in zo in ga teku, ni kuwa ƙasa nake kallo. Can kusa da inda tururi ke fita na hango wasu 'yan duwatsu ruwan ɗorawa. Na ɗauki ɗaya na shinshina. Farar wuta ce, irin wadda kakata ke dakawa ta kwaɓa da man kaɗe ta shafa mana in ƙuraje sun fito. Abin da ake sayarwa ɗan ƙulli a gida, ga shi nan zube babu mai so. Na cire gyalena na shimfiɗa, na yi ta tsinta har da ƙyar ya ƙullu. Ƙawata ta yi dariya har da riƙe ciki, wai tun da take ba ta taɓa ganin baƙon da ya yi guzurin warin garinsu ba.

A jirgin ruwan dawowa rana ta bugi jakata, wari ya tashi kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Fasinjoji suka fara hararar juna, kowa na zargin na kusa da shi. Maigidana, mutumin da muka yi shekara da shekaru tare, ya sulale ya koma can baya kamar bai taɓa ganina ba. A filin jirgi kuwa ma'aikacin bincike ya kwance ƙullin, ya ce abin yana kama wuta, ba zai hau jirgi ba. Na roƙa, na yi masa bayanin maganin ƙuraje da duk Turancin da ke bakina. Ya zazzage ta a kwandon shara, ya miƙo mini gyalena.

Da muka dawo gida kunya ta ishe ni. Na sa maigidan ya raka ni ɗakin Hajiya, na tafi da gyalen don ta ga shaida, na fara ba ta haƙuri. Ta karɓa ta kai hanci, sai ta yi murmushi. Ta ce warin rumfar mahaifiyarta ne sak a kasuwar Kumasi, gyale kuma ya zama nata, kada ma in sa rai.

"To zauna, ɗiyata," in ji ta. "Ni ƙafa ba ta kai ni ko'ina. Faɗa mini, yaya teku yake in kana saman dutsen?"

Sai a lokacin na tuna ban ma kalli tekun ba. Maigidan ne ya gyara zama ya ba ta labarin tas, har da yadda ya gudu ya bar ni a jirgi, tana dariya tana share hawaye da bakin gyalen.

Tun daga ranar, duk inda na je sai na kalli wuri na ƙoshi kafin in tambayi hanyar kasuwa. Na gane cewa wanda bai samu zuwa ba, abin da idonka ya gano shi ya fi so ka kawo masa, kuma wannan babu ma'aikacin da zai zazzage maka shi a shara.