Yadda na zama ɗan koren dillalin hannun jari

Shekarun baya, lokacin da kowa ya rikice da zancen hannun jari, ina koyarwa a wata firamare a Ƙanƙara. Abokina da muka yi kwalejin horon malamai tare ya kawo mini wani mutum har gida, ya ce dillali ne a kasuwar hannun jari, ofishinsu na Kaduna. Mutum mai fara'a, ya zauna a tabarma ya sha fura da mu. Ya buɗe jarida ya nuna mini sunan wani kamfani, ya ce, "Malam, ka riƙa duba nan duk mako. Ba sai na ce maka komai ba."

Na kuwa duba. Mako uku a jere farashin yana hawa. Na kwashe ɗan abin da nake tarawa don rufin ɗaki na ba shi. Daga nan na zama gwani. Ni da lissafin aji huɗu nake koyarwa, sai ga ni a majalisa ina yi wa mutane bayanin tattalin arzikin duniya, jarida a hammata.

Mahaifiyata na Ketare da bijiminta guda da take kiwo. Na lallashe ta aka sayar. Na wuce Faskari wurin surukina, manomi ne babba, na yi ta zuba har ya sayar da masarar da ya ajiye ya sa kuɗin, rabi a wannan kamfani, rabi a hannun jarin wani banki. Mutum ɗaya ne ya ƙi, kawuna da ke fataucin hatsi a Sabuwa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kamfanin nan mi yake yi?"

Na ce sarrafa kayan gona.

"Ka taɓa ganin buhunshi ko ɗaya a kasuwa?"

Na ce a'a. Ya ce, "Mu ma akwai masu yin haka. Mutum uku su haɗa baki, su yi ta saye a hannun junansu da safe suna ɗaga murya. Baƙo ya ji ya ɗauka kaya sun yi tsada, su juye mashi su tafi." Na dawo ina cewa a raina tsoho bai san zamani ba.

Ba a yi wata huɗu ba farashin ya fara zamewa. Na kira dillalin, ya ce in kwantar da hankali, kasuwa ce ke numfashi. Kira na biyu ya ce yana taro. Na uku wayar a kashe. Abin da muka saya da tsada ya koma ko kuɗin jaridar da nake saye bai kai ba.

Ni da abokina muka hau mota sai Kaduna. A ofishin muka tarar da mutane cike, kowa da takarda a hannu. Wata ma'aikaciya, babbar mace, ta ja mu gefe ta yi mana bayani. Ashe dillalin da abokansa ne suka tara hannun jarin kamfanin tun yana arha, suka riƙa saye da sayarwa tsakaninsu har farashi ya kumbura a jarida. Abin da ya sayar mana nashi ne yake saukewa a kanmu. Ta duba takardun surukina kuma ta ce na bankin ma an sayar tuni, wai da izininsa.

Tafiyar da na yi zuwa Faskari washegari ita ce mafi nauyi a rayuwata. Na same shi a zaure yana gyaran mangala. Na durƙusa na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya ajiye mangalar. Can ya ce, "Malam, kai ka ci wani abu a ciki?"

"Wallahi Baba, nawa ma ya tafi. Har bijimin Inna."

"To tashi daga durƙuson nan. Tare aka cuce mu."

Na nuna masa kwafin takardar izinin da matar ta ba ni. Ya kai ta kusa da ido, ya yi wata 'yar dariya. "Wannan wa ya rubuta? Ni tunda nake ban taɓa sa hannu da boko ba." Da ajami yake rubuta sunansa, haka ya yi a takardar farko ta buɗe asusu. Dillalin bai ko duba ba, ya zana masa sa hannu irin na manyan ma'aikata.

Wannan ya cece mu. Muka kai ƙara hukumar da ke sa ido kan harkar. An sha zirga-zirga fiye da shekara, amma daga ƙarshe aka ƙwace lasisin mutumin, aka tilasta wa ofishinsu mayar wa surukina na bankin. Na kamfanin kuwa ya tafi, nashi da nawa da na mahaifiyata.

Ita da na faɗa mata, cewa ta yi, "Da ma ni ban gane ba, don ka ce ne." Wannan magana ta fi zagi zafi. Shekara biyu ina matse albashi har na saya mata ɗan maraƙi. Ta zagaya shi ta ce ƙafafunsa sun yi siriri, amma ta karɓa.

Yau in na tuna, dariya nake yi wa kaina. An yi wa ɗakin rufi daga baya, iyali lafiya, ba wanda ya riƙe ni a zuciya. Ban tsani harkar hannun jari ba, akwai masu yin ta da gaskiya. Abin da na koya shi ne nauyin bakina. Mutanen nan ba su san dillalin ba, ni suka sani. Tun daga lokacin, abin da ban fahimta ba sai in ce ban sani ba, kuma na gano faɗin hakan ba ya rage wa malami komai.

Kakar bara surukina ya aiko in raka shi kasuwa sayar da masara. Da aka gama ciniki, mai saye ya miƙo kuɗi, sai surukina ya nuna ni da sandarsa ya ce, "Miƙa wa Malam ya riƙe."